Masu Kama-Karya da Dokar Duniya: Wa Zai Ci Riba Idan Ta Faɗi?

Ranar 6 ga Oktoban 2022, a zauren Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Janiba, aka kaɗa wata ƙuri'a da ba ta ja hankali yadda ya kamata ba, domin a lokacin idon kowa yana kan Yukren. Abin da aka nema ɗan ƙarami ne. Makonni biyar kafin nan, ofishin Michelle Bachelet, babbar kwamishinar kare haƙƙin ɗan'adam ta Majalisar a lokacin, ya fitar da rahoto, ana saura mintoci wa'adinta ya ƙare, yana cewa tsare 'yan ƙabilar Uighur da sauran Musulmi da ake yi a yankin Xinjiang na ƙasar Sin zai iya kasancewa laifin cin zarafin bil'adama. Sai wasu ƙasashe suka ce to, a zauna a tattauna rahoton. Ba takunkumi suka nema ba, ba kwamitin bincike ba, muhawara kawai. Ƙasashe 17 suka ce a yi, 19 suka ce a'a, 11 suka yi rowar ƙuri'arsu. Cikin masu cewa a'a har da Indunusiya da Pakistan da Ƙatar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Sudan da Senegal da Muritaniya, ƙasashen da akasarin mutanensu Musulmi ne. Shi ke nan, aka rufe fayil.

Babu tankar yaƙi a ƙofar zauren, babu jakadan da ya tashi ya fice cikin fushi, babu ƙa'idar da aka taka. Sin tana da kujerarta a ciki, ta bi ƙasashe ɗaya bayan ɗaya tana neman goyon baya, ta kuma samu. Hukumar na nan har gobe, tana zamanta sau uku a shekara. Aikin da aka kafa ta dominsa ne kawai ya gagara. A ganina wannan zama ya fi kowane faretin makamai na Mosko ko Beijin bayyana irin ƙalubalen da gwamnatocin kama-karya ke yi wa tsarin duniya. Yawancinsu ba sa fatan Majalisar Ɗinkin Duniya ta rushe. Biyu daga cikinsu ma suna da kujerar naƙi a Kwamitin Sulhu, kuma wa zai ƙona abin da yake ci da shi? Burinsu a bar komai a tsaye, a zare ɓangaren da ke cewa mai mulki yana da iyaka.

Abin da masana ke kira tsarin duniya mai sassaucin ra'ayi tarin alkawura ne da cibiyoyi da aka kafa a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, galibi da hannun Amurka: Asusun Ba da Lamuni na Duniya da Bankin Duniya daga taron Bretton Woods na 1944, kundin Majalisar Ɗinkin Duniya a 1945, yarjejeniyar ciniki ta GATT a 1947 wadda ta rikiɗe ta zama Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 1995, sai Sanarwar Haƙƙin Ɗan'adam a 1948. Idan ka tace takardun nan duka, alkawura uku ne za su saura a hannunka. Ba a sauya iyakar ƙasa da bakin bindiga, ciniki zai bi ƙa'idar da kowa ya sani, kuma gwamnati ba za ta yi abin da ta ga dama da mutanenta ba don kawai a cikin gidanta ne.

Na ukun nan ne tushen rigimar, kuma tun ran gini aka yi zanenta. Kundin 1945 da kansa ya hana Majalisar tsoma baki a harkokin cikin gidan ƙasashe. Bayan shekara uku sai ga sanarwar da ke cewa kowane mutum yana da haƙƙin da gwamnatinsa ba ta isa ta taɓa ba. Ranar da aka kaɗa ƙuri'a a kanta, 48 suka amince, 8 suka ƙaurace: Tarayyar Sobiyet da wasu 'yan kwaminisanci 5, da Saudiyya, da Afirka ta Kudu ta masu wariyar launin fata. Akasarin Afirka da wani yanki babba na Asiya kuwa ba a ma tambaye su ba, suna ƙarƙashin mulkin mallakar wasu daga cikin masu ɗaga hannun. Duk wanda ya ce an yi wani zamani da ake bin doka sau da ƙafa, sai kwatsam Putin da Xi Jinping suka zo suka ɓata, bai karanta tarihin da kyau ba.

Bayan rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991, ƙasashen Yamma suka yi wani lissafi da a lokacin ya yi kama da hikima. Suka ce a jawo Sin da Rasha cikin kasuwa. Idan suka yi kuɗi, masu rufin asiri suka yawaita, mutanen da kansu za su nemi 'yancin faɗin albarkacin baki da zaɓe na gaskiya. Aka shigar da Sin Ƙungiyar Ciniki a Disambar 2001, shekara 12 kacal bayan kisan masu zanga-zanga a Tiananmen. Jamus ta fi kowa imani da lissafin: a 2015, shekara ɗaya bayan Rasha ta ƙwace Kirimiya, aka ƙulla yarjejeniyar shimfiɗa bututun gas na Nord Stream na biyu daga Rasha zuwa Jamus, kuma zuwa 2021 fiye da rabin gas ɗin da Jamus ke shigowa da shi daga Rasha yake fitowa. Kuɗi kam an yi su. Ɗaruruwan miliyoyin mutane a Sin sun fita daga ƙangin talauci, kuma wanda ya raina wannan bai san talauci ba. Ɗaya rabin lissafin ne bai fito ba. A 2018 aka cire wa'adin shugabanci daga tsarin mulkin Sin, a 2020 Putin ya yi wa na Rasha kwaskwarimar da za ta ba shi damar zama har 2036.

Mafi muni ma, igiyar cinikin da aka ce za ta ɗaure su, su ne suka koyi ja da ita. Da kwamitin Nobel ya ba Liu Xiaobo, mai sukar gwamnatin Sin, kyautar zaman lafiya a 2010, Sin ta juya wa Norwe baya har shekara 6, alhali ba gwamnatin Norwe ke ba da kyautar ba. Da Lituweniya ta ƙyale Taiwan, tsibirin da Sin ke iƙirarin nata ne, ta buɗe ofishi a Vilnius, babban birnin Lituweniya, a 2021, kayanta suka maƙale a kwastan ɗin Sin. Mutanen Lituweniya ba su kai miliyan 3 ba, cinikinta da Sin kuma ɗan kaɗan ne, don haka darasin na masu kallo ne. Idan ka tuna wannan, ƙuri'u 19 na Janiba ba za su ba ka mamaki ba. Ba sai an kira jakada an yi masa barazana ba. Ya riga ya san bashin da ake bin ƙasarsa, ya san kasuwar da take kai kayanta.

Akan haɗa Rasha da Sin a jaka ɗaya, musamman tun bayan sanarwar da Putin da Xi suka fitar a Beijin ranar 4 ga Fabrairun 2022 cewa abotarsu ba ta da iyaka. Amma salonsu ya sha bamban. Tattalin arzikin Rasha bai kai kashi ɗaya cikin biyar na Sin ba, abin da take taƙama da shi makami ne da mai da gas, shi ya sa da ƙarfi take magana. A Disambar 1994, a Budapest, Yukren ta amince ta rabu da makaman nukiliyar da ta gada daga Sobiyet, waɗanda a lokacin su ne na uku a yawa a duniya, Rasha da Amurka da Birtaniya kuma suka sa hannu cewa za su mutunta iyakokinta. A 2008 sojojin Putin suka shiga Jojiya, a 2014 Kirimiya, kuma kowane karo martanin da ya gani bai kai ya sa shi sake tunani ba.

Daren 23 ga Fabrairun 2022 agogon New York, Kwamitin Sulhu yana zaman gaggawa, jakadu na roƙon Rasha ta janye hannu, sai labari ya iso cikin zauren cewa Putin ya ba da umarnin kai hari. Mai jagorancin zaman ba kowa ba ne illa jakadan Rasha, Vasily Nebenzya, domin a watan ƙasarsa ce ke riƙe da shugabancin karɓa-karɓa. Bayan kwana biyu aka kawo ƙudurin yin Allah wadai, ya hau kujerar naƙi. Sai aka garzaya Babban Zaure, inda ranar 2 ga Maris ƙasashe 141 suka yi tir da mamayar, 5 suka ƙi, 35 suka ƙaurace. Adadi ne mai tsoka, sai dai ƙudurin Babban Zaure ba ya ɗaure kowa, kuma cikin 35 ɗin akwai Sin da Indiya, wato sama da sulusin mutanen duniya.

Ɓarnar ta wuce Yukren, domin kowane shugaba yana kallo yana lissafi. Yukren ta miƙa makamanta aka mamaye ta. Gaddafi ya watsar da shirinsa na makamai a 2003, a 2011 aka kashe shi bayan jiragen NATO sun share wa 'yan tawaye hanya. Koriya ta Arewa ta ƙi ji ta ƙi gani, ta yi gwajin nukiliya na farko a 2006, kuma har yau babu wanda ya mamaye ta. A Maris na 2024 Rasha ta yi amfani da kujerar naƙi ta kawo ƙarshen tawagar ƙwararrun da ke sa ido kan takunkumin Koriya ta Arewa, takunkumin da ita kanta Rasha ta ɗaga hannu aka sa. Kafin shekarar ta ƙare, sojojin Koriya ta Arewa suna fafatawa da na Yukren a yankin Kursk na Rasha, kafaɗa da kafaɗa da na Rasha. Takunkumin yana nan a rubuce, mai duba ko ana bin sa ne aka sallama.

Sin ba ta son irin wannan hayaniya, domin ita ce ta fi kowa cin moriyar kasuwar duniya. Nata salon haƙuri ne da cike gurbi. An yi lokacin da 'yan ƙasarta ke shugabantar 4 daga cikin hukumomi na musamman 15 na Majalisar Ɗinkin Duniya a tare: ta abinci da noma, ta sadarwa, ta sufurin jiragen sama, da ta raya masana'antu. Wannan ba laifi ba ne, zaɓe aka yi ta ci. Sai idan doka ta ci karo da muradinta take nuna cewa ba ta ɗaure ta ba. A Yulin 2016 wata kotun sasanci a Hague ta yanke hukunci a ƙarar da Filifin ta shigar, ta ce iƙirarin da Sin ke yi kan akasarin Tekun Kudancin Sin ba shi da tushe a dokar teku, dokar da Sin ta amince da ita da kanta. Beijin ta ce hukuncin takarda ce kawai, ta ci gaba da girke makamai a tsibiran da ta cike da yashi.

A nan dole a faɗi gaskiya, wani ɓangare na ƙorafin Sin yana kan hanya. A Asusun Ba da Lamuni, Amurka na da sama da kashi 16 cikin 100 na ƙuri'u, manyan shawarwari kuma sai da kashi 85, wato ita kaɗai za ta iya hana su wucewa. Sin, mai tattalin arziki na biyu a duniya, kashi 6 da 'yan kai take da shi. Afirka mai ƙasashe 54 ba ta da kujerar dindindin ko ɗaya a Kwamitin Sulhu. Da Sin ta kafa bankinta na gina ababen more rayuwa a Asiya, hatta Birtaniya da Jamus da Faransa shiga suka yi, duk da Amurka ba ta so. Ƙasar da ke buƙatar layin dogo ba za ta ƙi mai ba ta bashi ba don kawai ba a zaɓe a gidansa, kuma ni ban ga laifinta ba.

Abin da ya fi damuna shi ne hajar da ke biyo bayan wannan ciniki. A zamanin yaƙin cacar baka Sobiyet aƙida take tallatawa. Na yanzu ba ruwansu da abin da ka yi imani da shi. Kayan aiki suke da su ga duk mai mulkin da ba ya son sauka. A 2012 Rasha ta kafa dokar da ke tilasta wa ƙungiyar da ke karɓar tallafi daga waje, take kuma taɓa siyasa, ta kira kanta 'yar koren ƙasashen waje, kuma da wannan doka aka rufe Memorial a ƙarshen 2021, ƙungiyar da ta shafe shekaru tana tattara sunayen waɗanda aka hallaka a zamanin Stalin. Nikaraguwa ta yi irinta a 2020, Kirgistan da Jojiya a 2024. Ga kyamarori masu gane fuska, ga dabarun toshe intanet, ga sojojin haya, ga kuma babbar haja, kujerar naƙi. Dubi jerin abin da ya faru a Mali. A Mayun 2023 ofishin kare haƙƙin ɗan'adam na Majalisar ya ce sojojin Mali da wasu sojoji baƙi sun kashe aƙalla mutum 500 a garin Moura a Maris na 2022. A Yuni gwamnatin soja ta ce dakarun MINUSMA, masu kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya, su tattara nasu ya nasu su tafi. A Agusta Rasha ta hau kujerar naƙi ta kawo ƙarshen tawagar ƙwararrun da ke rubuta rahoto kan ƙasar. Gaskiya ne Faransa ta yi kusan shekara 10 a Mali ba ta kawo tsaro ba, kuma fushin da ake yi da ita ba ƙirƙira ba ce. Amma mutanen Moura ba Faransawa ba ne, kuma masu iya bin kadinsu ne aka kora ɗaya bayan ɗaya.

Tsallake iyaka ma ya daina zama tsira. Ranar 23 ga Mayun 2021 jirgin Ryanair ya tashi daga Atina zuwa Vilnius, daga babban birnin wata ƙasar Tarayyar Turai zuwa na wata. Yana cikin sararin samaniyar Belarus masu kula da zirga-zirgar jirage suka gaya wa matuƙin cewa akwai bam a ciki, ya karkata zuwa Minsk. Da ya sauka aka zare ɗan jarida Roman Protasevich da budurwarsa daga cikin fasinjoji. Babu bam, kuma daga baya hukumar sufurin jiragen sama ta duniya ta tabbatar cewa da gangan aka ƙirƙiri labarin. Ka ga ƙa'idar da ta sa matuƙi ke gaskata hasumiya ba musu, wadda rayukan miliyoyin matafiya suka rataya a kanta kullum, ita aka mayar tarkon kama mutum ɗaya. Kada kuma a ɗauka wannan halin abokan hamayyar Amurka ne kaɗai. A ƙaramin ofishin jakadancin Saudiyya da ke Santambul aka kashe ɗan jaridar Saudiyya Jamal Khashoggi a Oktoban 2018. Joe Biden ya yi alkawarin mayar da masarautar saniyar ware, amma a Yulin 2022, da farashin mai ya tashi, sai ga shi a Jidda.

A nan ne masu kare tsarin ba sa son a daɗe. Babu makamin da ya fi yi wa Mosko da Beijin amfani kamar halin waɗanda suka rubuta dokar. Shekara 30 kafin Sin ta yi watsi da hukuncin Hague, Kotun Duniya ta samu Amurka da laifi a 1986 kan ɗaure wa 'yan tawayen Nikaraguwa gindi da dasa nakiyoyi a tashoshin ruwanta. Amurka ta ƙi bin hukuncin, ta kuma hau kujerar naƙi da aka kai maganar Kwamitin Sulhu. A 1999 NATO ta yi ruwan bama-bamai a Yugoslabiya kan rikicin yankin Kosobo ba da izinin Kwamitin ba, kuma Kosobo na cikin hujjojin da Putin ya kawo a jawabinsa na haɗe Kirimiya. A 2003 aka mamaye Iraƙi kan makaman da ba a taɓa samu ba. Kofi Annan da bakinsa ya ce yaƙin ya saɓa wa kundin Majalisar. A 2011 Rasha da Sin suka ƙyale ƙuduri mai lamba 1973 ya wuce don kare fararen hula a Libiya, aka ƙare da kifar da gwamnati, kuma Siriyawa ne suka biya bashin: daga nan Rasha ta hau kujerar naƙi sau fiye da 15 kan ƙudurorin da suka shafi Siriya.

Na baya-bayan nan sun fi ciwo. Tun Disambar 2019 sashen ɗaukaka ƙara na Ƙungiyar Ciniki ya daina aiki, kuma Amurka ce ta hana a naɗa masa sababbin alƙalai. Da Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta ba da sammacin kama Putin a Maris na 2023, Washinton ta ce ya dace. Da kotun nan dai ta ba da na Benjamin Netanyahu a Nuwamban 2024, sai ta zama abar tsangwama, kuma a 2025 Amurka ta sa wa mai gabatar da ƙara da wasu alƙalanta takunkumi, kamar yadda ta yi wa Fatou Bensouda, mai gabatar da ƙarar kotun ta lokacin, a 2020. Wanzami dai ba ya son jarfa. Wanda ya ga yadda Amurka ta riƙa hawa kujerar naƙi kan ƙudurorin tsagaita wuta a Gaza alhali dubun dubatar mutane na mutuwa, ba za ka zaunar da shi ka yi masa wa'azin doka ɗaya ga kowa ya saurare ka ba. Ga kuma Donald Trump, yana kan kujerar shugabancin Amurka, yana maganar karɓar Girinland da mashigin Panama. Barazanar da ke cikin gida yau ba ta gaza ta waje ba.

Duk da haka ban yarda da inda mutane da yawa ke kai wannan hujja ba. Sukan ce tunda Yamma munafukai ne, to a bar tsarin ya rushe, a samu duniya mai manyan ƙasashe da yawa, kowa ya huta. Ni kuwa ina tambaya, da wane ma'auni muka gane munafuncin? Da kundin nan na 1945, da sanarwar 1948, da yarjejeniyoyin Janiba kan dokokin yaƙi. Mun iya cewa mamayar Iraƙi laifi ce domin akwai dokar da ta hana. Idan aka yarda cewa babu ma'auni, babu sauran wanda za a kira munafuki, sai mai ƙarfi da marar ƙarfi. Kuma tayin da Mosko da Beijin ke yi a madadi ba na daidaito ba ne. A Disambar 2021 Rasha ta miƙa wa Amurka da NATO daftarin yarjejeniya da ke neman a rubuta cewa Yukren ba za ta taɓa shiga ƙawancen ba, wato manya su zauna su yanke wa ƙasa mai mutum sama da miliyan 40 makomarta ba ta wurin. An ruwaito cewa a wani taron ƙasashen kudu maso gabashin Asiya a Hanoi a 2010, ministan harkokin wajen Sin na lokacin, Yang Jiechi, ya tunatar da maƙwabta cewa Sin babbar ƙasa ce, su kuma ƙanana, kuma haka abin yake. Diyaucin da ake ta yi wa kirari, idan ka bi shi a hankali, na manya ne a kan maƙwabtansu, da na masu mulki a kan talakawansu. Wanda ya bar wani ubangida ya kama wani yana murna, ya duba kada ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago.

Armeniya ta ɗanɗana. Tana cikin ƙawancen tsaron da Rasha ke jagoranta, ga dakarun Rasha na kiyaye zaman lafiya a Nagorno-Karabakh, yankin da Armeniyawa ke takaddama da Azarbaijan a kansa, amma a Satumban 2023 Azarbaijan ta ƙwace yankin cikin kwana guda, Armeniyawa sama da 100,000 suka tsere. Cikin 'yan makonni majalisarta ta amince da shiga Kotun Hukunta Manyan Laifuka, kotun da ke neman Putin.

Ƙananan ƙasashe sun san abin da masu dogon sharhi kan manta, cewa duk da raunin cibiyoyin nan akwai ƙofofi a cikinsu da marar ƙarfi ke iya ƙwanƙwasawa. Morishus, mai mutum miliyan ɗaya da 'yan kai, ta yi ta bin maganar tsibiran Chagos har Kotun Duniya ta ba da shawara a Fabrairun 2019 cewa Birtaniya ta raba su da ita ba bisa ƙa'ida ba kafin ba ta 'yancin kai. Babban Zaure ya goyi baya da ƙuri'a 116 da 6, kuma a 2025 Landan ta sa hannu kan yarjejeniyar miƙa su, ko da yake ta riƙe sansanin sojan Diego Garcia a matsayin haya na shekara 99. Afirka ta Kudu ta kai Isra'ila Kotun Duniya a Disambar 2023 da yarjejeniyar hana kisan ƙare dangi ta 1948, wato da makamin tsarin ta tunkari babbar ƙawar masu tsarin.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce ta Gambiya. A Nuwamban 2019, ƙasar da ta fi kowace ƙanƙanta a doron nahiyar Afirka, wadda ita kanta ba ta daɗe da fita daga shekara 22 na mulkin Yahya Jammeh ba, ta shigar da ƙarar Myanmar, da goyon bayan Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, kan abin da sojoji suka yi wa 'yan Rohingya a 2017, lokacin da sama da mutum 700,000 suka tsallaka Bangaladash. Ba su haɗa iyaka ba, ba su haɗa nahiya ba. Yarjejeniyar ce kawai ta ba ta wurin tsayawa. Aung San Suu Kyi, jagorar gwamnatin Myanmar a lokacin kuma mai kyautar Nobel, ta zo Hague da ƙafarta a Disamba ta tsaya gaban alƙalai tana kare sojojin, a Janairun 2020 kuma kotun ta umarci Myanmar ta ɗauki matakan kare waɗanda suka rage. Kada a yi zaton komai ya gyaru: 'yan Rohingya kusan miliyan ɗaya na nan a sansanonin Cox's Bazar da ke Bangaladash, sojojin Myanmar sun yi juyin mulki a 2021, kuma Rasha da Sin ne kan gaba wajen sayar musu da makamai. Shari'ar ba ta mayar da kowa gida ba. Amma an karɓi ƙarar, an saurari hujjoji, an tilasta wa gwamnati ta zo ta amsa. Ƙungiyar BRICS na da banki a Shanghai, Ƙungiyar Haɗin Gwiwa ta Shanghai na da cibiyar yaƙi da ta'addanci a Tashkent, tana kuma atisayen soja. Babu ɗaya daga cikinsu da ke da kotu, ko ofishi, ko akwatin ƙorafi da Gambiya za ta iya kai wannan takarda.